Kwat ɗin Aljani a Jikin Injiniya

A bayan kicin ɗin gidan akwai wani ɗan ɗaki da magini ya yi don ajiye buhuna da tarkace, shi Maman 'Yan Biyu ta share ta mayar wurin aikinta. Tebur ɗaya ne a ciki, mai gajeriyar ƙafa da aka tallafe da murfin kwalba, sai 'yar taga mai kallon bangon maƙwabta, sai kujeru biyu. Ɗaya tata ce. Ɗayar kuwa ba mai zama a kanta, don an rataya mata wata doguwar baƙar kwat ta maza, irin mai sauka har gwiwa, kafaɗunta a tsaye cak kamar da mutum a ciki.

Marubuciya ce, littattafan soyayya take yi. Amma fa ba irin soyayyar nan ta yaro ya ga yarinya a bakin famfo ba. Nata saurayin aljani ne, mazaunin wani tsohon lif, akwatin nan mai hawa da mutane saman bene, da aka daina hawa a wani asibiti, ya kamu da son wata nas mai tsiwa. Bai da suna a littafin, Baƙo kawai ake ce masa. Dogo ne, ba shi da inuwa, in ya shigo wuri sai a ji sanyi da ƙanshin ƙasar da ruwa ya fara taɓawa. Duk wannan ado ne. Abin da ya haukata mata masu karatu guda ɗaya ne: duk abin da ke hannun Baƙo, da zarar nas ta buɗe baki za ta yi magana, sai ya ajiye shi, ya juyo gaba ɗayansa ya saurare ta. Akwai inda ya ɗora takobi a wuyan babban maƙiyinsa, nas ta ce, "Tsaya in gaya maka wani abu," ya ajiye takobin a ƙasa, maƙiyi ya tsere abinsa. Mata sun yi kuka a kan wannan shafi har takarda ta kumbura.

Ga yadda take aikin. In hantsi ya ɗaga, gida ya yi shiru, sai ta dafa shayi kofi biyu, ta ajiye ɗaya a gaban kwat ɗin, ta ja ƙofa, ta zauna. Sai ta dube ta ta ce, "To, Baƙo, yau me ka ce mata?" Daga nan sai jira. Wani lokacin shayin bai gama hucewa ba muryarsa za ta zo mata a kai, a hankali, ƙasa-ƙasa, ita kuma ta yi ta bi da biro. Wani lokacin sai ya ja mata rai har ta yi fushi ta ce masa, "Kai dai ka iya wulaƙanci," sannan ya yi magana. Tun ranar da ta tsinci kwat ɗin a tulin kayan wani mai gwanjo, ta shinshina ta ji wannan ƙanshi na sanyi da tsohon ƙarfe, ba ta taɓa wanke ta ba, ba ta kuma yarda hannun kowa ya taɓa ta ba. Ba wai ta yarda akwai aljani a cikin riga ba ne, ai matar tana da hankalinta. Kawai dai a nan muryar take zuwa, ba a wani wuri ba.

To yanzu ga littafi na ƙarshe a jerin labarin Baƙo a gabanta. Mai shagon littattafai, wadda ita ce ke buga mata, ta riga ta shelanta wa duniya fitowarsa. Masu karatu kuma sun dame ta da roƙo guda: Anti, don Allah ki mayar da Baƙo mutum ya auri nas. Ita kuwa in ta ji haka sai ta taɓe baki.

"Ku yara ne," in ji ta. "Ba ku san abin da kuke roƙo ba."

Ba ta san ƙarshen labarin ba tukuna. Baƙo bai faɗa mata ba, ita kuma ba ta taɓa rubuta masa kalmar da ba daga bakinsa ta fito ba. Shi take jira.

Sai kuma maigidan. Injiniya ake ce masa, amma kada sunan ya ruɗe ku, mitar ruwa yake karantawa gida-gida har ya yi ritaya, wani maƙwabci ne ya laƙaba masa sunan don tsokana, shi kuma ya rungume da hannu biyu. Gajere ne, mai tumbi, mai gyaran murya kamar ana jan tebur a kan siminti. Gwiwoyinsa na damunsa, don haka kullum yana cikin warin man zafi. Aikinsa yanzu zama a benci a gaban shagon mai faci, shi da tsofaffi irinsa, suna gyara duniya da baki. Ko shafi ɗaya na littafin matarsa bai taɓa karantawa ba, kuma yana faɗin haka da alfahari, kamar wanda ya tsallake wata cuta.

"Ni ina da abin yi," yakan ce. "Mutum da girmansa ya zauna yana karanta hirar mace da riga?"

In ya ga ta ɗauki kofi biyu za ta shige, sai ya ɗaga murya daga falo: "A gaida mai gidan naki. Ki ce masa sukari ya yi tsada, ya riƙa kawo nasa."

Ita ko kallo bai ishe ta ba. Ta daɗe da ajiye Injiniya a inda ake ajiye tsohuwar fanka: yana nan, yana ƙara, ba ya ba da iska.

Ranar da abin ya fara lalacewa, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, ga shi dole ta kai wa mai shago wasu babuka. Injiniya ya kai ta a tsohuwar motarsa yana mita tun daga ƙofar gida. Da suka isa, ruwan ya hana shi zama a mota don rufin na yoyo, ya biyo ta ciki. Suka tarar da shagon cike da 'yan mata da matan aure da ruwa ya tsare. Wata ta gane ta, ta saki ihu, kafin ka ce me sun yanyame ta, wannan na riƙe mata hannu, waccan na neman hoto. Injiniya ya tsaya a gefe baki buɗe. Bai taɓa sanin haka abin yake ba.

Wata 'yar doguwa mai tabarau ta ce, "Anti, don girman Allah, wa kika kalla kika ƙirƙiro Baƙo?"

"Ba kowa," in ji ta.

Sai wata ja'ira daga baya ta hango tsoho a jingine da kantar shagon yana matse hularsa da ta jiƙe, ta ce, "Ko dai Baba ne?"

Shago ya kwashe da dariya. Har mai shagon sai da ta dafa tebur. Kowa a wurin ya san wasa ne, ban da mutum ɗaya. Injiniya ya gyara tsayuwa, ya shanye tumbinsa iya ƙarfinsa, ya yi gyaran muryar nan tasa, ya ce, "To, ai ba a rasa ba."

Aka ƙara fashewa da dariya, shi kuwa ya ɗauka tafi ake masa.

A hanyar komawa bai yi mita ko sau ɗaya ba. Can ya ce, "Ashe dai kin daɗe kina kallona."

"Kalli hanya," ta ce, "kada ka jefa mu a kwata."

Tun daga ranar Injiniya ya sauya. Ya koma tafiya a hankali yana jan ƙafa, wai haka masu kwarjini ke yi. Ya rage murya har sai an ce "Na'am?" sau biyu. Ya sayo baƙin rini ya shafe furfurar gemunsa, rinin ya zarce har kan kumatu. A bencin mai faci ya ba da labari cewa matan garin nan kaf shi suke karantawa ba su sani ba, shi dai mutum ne mai kunya shi ya sa ya ɓoye. Littafin dai har yanzu bai buɗe ba. Abin da ya tsinta daga bakin mutane ya ishe shi: dogo, baƙar kwat, mata na so.

Ƙanwar Maman 'Yan Biyu tela ce, Auta suke ce mata, tana da shago a bakin titi, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ita ta kawo mata labarin benci, tana dariya har da hawaye.

"Yaya, kin ji mijinki? Wai shi ne aljanin. Wallahi na ce masa, Yaya Injiniya, aljanin dai na yarda, amma na soyayyar ne ban gani ba."

"Ƙyale shi," in ji Maman 'Yan Biyu. "Ciwon kwana biyu ne, zai warke."

Ta raina shi har ba ta ga abin tsoro a tare da shi ba, shi ya sa ba ta ko yi tunanin sa wa ɗakin bayan kicin kwaɗo ba.

Mai shago ta shirya taron masu karatu a zauren da ke saman shagonta, don a ɗumama zukata kafin littafin ƙarshe ya fito. Ta roƙi a kawo kwat ɗin a nuna wa jama'a, tunda labarinta ya riga ya bazu. Maman 'Yan Biyu ta ce a'a, ta kuma faɗa da muryar da ba a maimaita roƙo bayanta. Ranar taron ta fita da wuri ita da Auta, ta bar Injiniya a falo yana yanke farce.

Zaure ya cika. Tana tsaye tana karanta musu wurin da Baƙo ya fara jin muryar nas ta cikin ƙofar lif, ɗakin ya yi tsit, har ana jin ƙarar fanka. Sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa, kamar ana jan tebur a kan siminti.

Ta ɗago. Injiniya ne, cikin kwat ɗin.

A jikin Baƙo gwiwa take kaiwa, a jikin Injiniya kuwa tana sharar ƙasa. Hannayen sun haɗiye yatsunsa. Ya yi ƙoƙarin ɓalle maɓallan a kan tumbi, ɗaya kawai ya yarda, shi ma yana neman agaji. Ga gumi na tsiyaya, rinin gemu ya narke yana gangarowa cikin wuyan rigar. Ya tako a hankali yana jan ƙafa, ya ɗaga hannu ɗaya ya ce da muryar da ya ƙirƙiro, "Ga ni na zo."

Wayoyi suka tashi sama. Mata suka yi ta kururuwa, wasu na faɗuwa a jikin wasu. Ja'irar nan ta ranar ruwa ta ce, "Baba Baƙo, ina inuwarka?" Ya waiga yana neman ta a ƙasa. Da ya ɗaga hannu na biyu don ya gaishe da na baya, aka ji ɓarat, hammatar kwat ɗin ta yage, maɓallin nan guda ya yi tsalle ya faɗa cikin kofin ruwan mai shago.

Kowa ya yi dariya ban da Maman 'Yan Biyu. Ta rufe littafin a hankali, ta sa a jaka. Auta ta dube ta sau ɗaya, dariyarta ta ɗauke.

A gida ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu kawai, ya cire ya ba ta yana haki.

"Kin ga yadda suka yi murna?" ya ce. "Ni na raya miki taron nan. Da karatu kawai za ki yi ta yi musu kamar makaranta."

Ta wuce shi kamar ta wuce turmi.

Washegari da hantsi ta dafa kofi biyu, ta rataya kwat ɗin a kujerar Baƙo, ta ja ƙofa. Kafaɗun sun saki, ɗaya ta karkace. Ɗakin gaba ɗaya ya ɗauki warin man zafi da gumi da wani turare mai hawa kai da Injiniya ya fesa don ranar. Ta daure ta zauna.

"To, Baƙo," ta ce, "yau me ka ce mata?"

Ta jira. Shayi ya huce, ya yi fata a sama. Can ta ji abu na tasowa a cikin kanta yadda ya saba, ta ɗauki biro da sauri. Sai muryar ta yi gyaran murya tukuna, sannan ta ce, "Wai har yanzu ba a sauke abincin ba?"

Ta jefar da biron.

Ta sake gwadawa washegari, ta sake a ranar da ta biyo baya. Ta rufe ido ta kira shi a ƙofar lif, ya fito, dogo, ba inuwa, amma yana dafe da gwiwa. Ta sa shi ya kalli nas, sai ta ga yana sosa tumbi. Ta shanya kwat ɗin a inuwa ta sha iska, warin ya ƙi fita. Ta zauna a ɗakin ba kwat, babu abin da ya zo, sai ƙarar famfon maƙwabta. Mai shago na ta kira a waya tana tambayar babin ƙarshe, ita kuwa ba littafin ne ya fi damunta ba. Shekara da shekaru, in ta shiga ɗakin nan, akwai wanda ke ajiye komai ya saurare ta. Yaran sun girma sun tafi, 'yan biyun kowace na gidanta a wani gari. In Baƙo ya tafi, sai ita da bango.

Auta ta zo ta same ta a zaune ta zuba wa kujera ido.

"Kawo in ɗinke miki hammatar, Yaya. Ba za ki ma gane wurin ba."

Ta ba ta, ba don ta so ba. Auta kuwa mace ce mai son aiki ya fita tsaf. Ta ɗinke hammata, ta sa sabon maɓalli, ta ga baƙin rini a wuya, ta ji wari, sai ta kai wa mai wankin kwat-kwat da ke kusa da shagonta. Ta dawo da ita a cikin leda, a goge, tana ƙyalli, tana ƙanshin sabulu.

"Ga shi nan na kore miki mijinki daga ciki," ta ce tana murmushi.

Maman 'Yan Biyu ta buɗe ledar, ta kai hanci wuyan rigar, ta daɗe a haka. Man zafi ya fita, gaskiya ne. Sanyin nan da tsohon ƙarfe su ma sun fita.

"Kin kore su duka biyun," ta ce.

"Yaya, riga ce fa."

"Yanzu kam riga ce."

Auta ta ɗauki jakarta ta fita sumui-sumui.

Da la'asar ta fito falo. Injiniya na kishingiɗe a doguwar kujera, waya a hannu, yana kallon hoton kansa a taron, wanda ya zagaye gari. Yana kallo yana maimaitawa, bakinsa har kunne. Ta tsaya a kansa.

"Baban 'Yan Biyu, ina da magana."

"Ina ji," ya ce, idonsa a kan waya.

"Ka ce kai ne Baƙo."

"Ai ba ni na faɗa ba, jama'a ne suka gani. Dubi nan, dubi tafiyar. Wannan ai ba koyo ba ne, jini ne."

"To faɗa mini abu ɗaya. In nas ta fara magana, me yake yi?"

"Wace nas?"

Ta zuba masa ido. Ya ɗan ɗago ido ya mayar.

"Oho, yarinyar. To me zai yi? Ya ba ta amsa mana. Ko ya ɓace, tunda aljani ne. Ke ma dai da tambayar jarrabawa." Ya kai yatsa ya sake kunna hoton, ƙarar dariyar mata ta cika falon. "Ji nan, ji yadda suke kirana."

Ta tsaya tana kallon hannun nan da ke riƙe da waya, gajerun yatsu masu kauri. Ta san hannun tun yana siriri. Tana budurwa a gidan mahaifinta, wani saurayi ya zo duba mitar ruwa, ya durƙusa a bakin ramin, tocila a hannu ɗaya, sifana a ɗayan. Ta fito ta ce masa, "Malam, famfonmu na tari da safe." Shirmen magana ce, ita ma ta sani. Amma saurayin nan ya ajiye sifana, ya ajiye tocila, ya juyo gaba ɗayansa yana saurarenta kamar tana karanta masa labarin duniya, har tocilar ta gangara cikin kwata bai waiga ba. A kan wannan ta aure shi. Tsawo da sanyi da rashin inuwa duk ita ta ƙaga wa Baƙo, wannan abu ɗaya ne kawai ta ɗauko daga wani wuri. Ga mai abin a gabanta yau, yana da'awar tsawon da bai taɓa yi ba da kwarjinin da bai taɓa samu ba, abin da yake nasa na gaskiya kuwa ko tunawa bai yi ba.

Ba ta gaya masa ba. Ta ga bai cancanci ya sani ba, don da ya ji, gobe a bencin mai faci zai kwana.

"Kin yi shiru," ya ce. "Na ci ko ban ci ba?"

"Ka ci," ta ce. "Kai ne shi."

"To! Da ma na faɗa."

Washegari ta shiga ɗakin bayan kicin da kofi biyu kamar kullum. Ta rataya kwat ɗin mai ƙanshin sabulu, ta zauna, ta dube ta da kyau. Wannan karon ba ta tambaye shi komai ba.

"Na jira ka ka faɗa mini ƙarshenka," ta ce, "ka bari aka shiga jikinka. To ni zan faɗa maka."

Ta ɗauki biro. Ta ba masu karatu abin da suka yi shekaru suna roƙo. Baƙo ya je gaban manyan aljanu ya ajiye ƙarfinsa, ya karɓi inuwa, ya fito daga lif da ƙafafunsa ya taka ƙasa. Ta yi masa biki na gani na faɗa, ba ta rage komai ba. Duk muryar da ta zo mata, mai gyaran murya da dafe gwiwa, ba ta kore ta ba, ta rubuta ta yadda ta zo, don yanzu ta dace da shi. Hannunta na gudu, fuskarta a murtuke, sau ɗaya kawai ta tsaya ta share ido da gefen mayafi, ta ja tsaki don haushin kanta, ta ci gaba.

Shafin ƙarshe gajere ne. An kwana biyu da biki. Nas ta dawo daga aiki a gajiye, ta tarar da shi a falo da kofin shayi a hannu. Ta ce, "Tsaya in gaya maka wani abu." Ya ce, "Ina ji." Ya kai kofin bakinsa. Nan ta sa aya.

Littafi ya fito, aka yi ta wawaso. 'Yan mata suka yi ta turo saƙon godiya, Anti kin biya mu, Anti Allah ya saka, a ƙarshe dai sun yi aure. Ta karanta tana taɓe baki. Matan aure kuwa ba su ce komai ba. Wata daga cikinsu ta gamu da ita a bakin shagon Auta, ta riƙe hannunta ta matse, ta wuce.

Mai shago ce ta kira ta gefe, ta buɗe shafin ƙarshe ta nuna da yatsa.

"Anti, ko layi ya faɗi wurin bugu? Ban ga inda ya ajiye kofin ba."

"Ba abin da ya faɗi."

"To me ya sa bai ajiye ba?"

"Ba mutum kuka ce in mayar da shi ba?"

Mai shago ta dube ta, ta dubi littafin, ta rufe shi a hankali. Can ta ce, "To sai na gaba. Wane aljanin za ki kawo mana?"

"Ki tambayi Injiniya," in ji ta, "shi ke da su yanzu."

Da ta koma gida ta ciro kwat ɗin daga kujera, ta kai falo ta ɗora masa a cinya.

"Ungo. Taka ce."

Ya zabura ya zauna sosai. "Da gaske? To kin ga yanzu kika yi hankali. Ki ce wa Auta ta rage mini tsawon, ta buɗa cikin kaɗan."

"Kaɗan?" ta ce, ta juya.

Auta ta rage tsawo, ta ƙara ƙyalle a ciki, tana yi tana tsine wa keken ɗinki. Har yau in kun bi ta gaban shagon mai faci da tsakar rana za ku ga wani tsoho a benci cikin baƙar kwat, yana gumi kamar an watsa masa ruwa, yana ba da labarin yadda aka rubuta littafi a kansa. Tsofaffin sun daina musu da shi, sun gaji.

Ita kuwa da hantsi ya ɗaga washegarin ranar da ta ba shi kwat ɗin, ta tsinci kanta a kicin ta riga ta zuba kofi biyu. Ta tsaya tana kallonsu. Daga falo aka yi gyaran murya.

"In da ragowar shayi a kawo mini."

Ta ɗauki na biyun ta kai masa, ta ajiye a gefen hannunsa. Bai ɗago ba. Ta dawo ta shiga ɗakin bayan kicin da nata kofin, ta ga kujerar nan tsirara, itacen bayanta ya yi fari inda kwat ta rufe shi shekara da shekaru. Ta zauna ta sha shayinta har ya ƙare. Sannan ta tashi ta ja kujerar zuwa kicin, ta ajiye ta kusa da murhu, don ta daɗe tana neman abin zama in tana yankan albasa.